Hujin Tagar Iya

Abin da na fara lura da shi ranar da na isa Ajingi jaki ne yana tafiya a jikin bangon ɗakin kakata Iya, ƙafafunsa a sama, kayan da aka ɗora masa suna reto ta ƙasa. Na shiga da sallama, na durƙusa a bakin gado, na yi mata gaisuwar rashi yadda Inna ta koya mini kafin in baro Gaya. Ta amsa can ƙasa-ƙasa. Goggo Delu, ƙanwar Baba, ta ja ƙyauren ta fita, ɗakin ya yi duhu ƙirin duk da rana tana tsaka. Na sunkuyar da kai kamar yadda na saba, don a lokacin ko yaro ƙarami ne ya kalle ni sai in rasa inda zan sa idona. Da idanuna suka saba da duhun na ɗago kaɗan, sai ga jakin a bangon da ke fuskantar taga, wanda aka shafe da farar ƙasa, dishi-dishi kamar hayaƙi. Ya wuce, wani mutum ya biyo shi da sanda, shi ma kansa a ƙasa.

Na fara da jakin nan ne domin ku 'ya'yana kun tashi kuna jin 'yan uwanmu na Ajingi suna kirana mai fasa tabarau. Kuna dariya, ni ma ina dariya, amma ban taɓa zama na gaya muku yadda aka yi ba. Wasu sun ce wasa nake yi da shi ya suɓuce, wasu sun ce ɗauka na yi in kai makaranta in yi wa ƙawaye yanga. Ba haka ba ne.

A shekarar ina aji bakwai a firamare ta Gaya, inda Baba yake aikin malamin gona. Mahaifinsa, Malam Habu mai ɗinkin hula, ya rasu a Ajingi da farkon damina. An yi sadakar arba'in, baƙi sun watse, sai saƙo ya zo cewa Iya ta daina cin abinci, akushi yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Ya zo daidai da hutunmu, Baba ya ce a tura ni, tunda sunanta na ci. Shi ya sa a gida ake ce mini Uwani, Baba da yayansa Baffa Sale suna ce mini Uwata, ita kuwa Iya Takwara take kirana. Ina jin Inna tana cewa:

"Wannan da ba ta buɗe baki, me za ta yi wa mai takaba?"

Baba ya ce, "Ita ma mai takabar ba surutu take so ba. Ta je ta zauna kusa da ita kawai."

Goggo Delu ce ke riƙe da takabar, kuma ta riƙe ta da ƙarfi, irin yadda ta ga an yi wa kakarta. Ba madubi, ba kwalli, ba ɗaga murya. Akwai 'yar wuƙa a ƙarƙashin matashin Iya, ko bayan gida za ta sai ta riƙe ta, ta yi tafiya a hankali kanta a lulluɓe da farin mayafi. Ɗakin yana da 'yar taga guda wadda ta buɗe ta wajen hanyar kasuwa, kuma tunda maza ke bi ta nan, Goggo ta sa Baffa Sale ya buga mata katako ya rufe. A jikin katakon akwai wurin da gaɓa ta fita, huji wanda bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Da na gan shi na san daga inda jakin ya shigo, domin a zangon da ya wuce malaminmu, Malam Ɗahiru, ya zo mana aji da gwangwanin madara. Ya huda gindinsa da ƙusa, ya rufe bakinsa da takardar da ya shafa wa man gyaɗa, ya sa muka riƙa lulluɓa da babbar rigarsa muna leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Muka ga bishiyar darbejiyar makaranta a kife a jikin takardar. Ya zana mutum a allo, ya ja layi biyu daga kansa da ƙafarsa suka gitta juna a huji, ya ce haske miƙe yake tafiya ba ya kwana, don haka na sama ya sauka ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Ya ce sunan abin akwatin duhu, kuma idan aka sa gilashi a hujin hoton zai fito fes, shi ne abin da masu hoto na Kano suke ɓoyewa a ƙarƙashin baƙin ƙyalle. 'Yan aji suka yi ta ihu, ni kuwa na riƙe abin a kaina. Ga shi yanzu an rufe ni da Iya a cikin gwangwani.

Kwana uku ban faɗa wa kowa ba. Ina zaune a tabarma ina kallon Iya. Na lura daga hantsi har la'asar fuskarta tana wajen bangon nan, duk lokacin da wata inuwa ta gitta sai ta damƙe carbinta, leɓunanta su yi ta motsi. Idan rana ta yi sanyi bangon ya mutu, sai ta kwanta ta juya baya. Goggo ta kawo tuwon dawa, ta kawo fura, ta kawo kunun tsamiya, ta yi lallashi, ta yi faɗa, Iya ta taɓa da yatsa ta ce ta ƙoshi. Hannayenta sun zama kamar ƙirare. A rana ta huɗu, da Goggo ta fita, ta kira ni da raɗa.

"Takwara, ke ma kina ganinsu?"

"Ina gani, Iya."

"To ki yi shiru, kada Delu ta ji. Mutanen can ne. Tun ranar da aka rufe tagar nan suke wucewa, kai a ƙasa, ba sa magana da kowa. Malam nake dubawa a cikinsu. Ranar da ya zo sai in bi shi. Me zan yi da tuwo?"

Na buɗe baki in yi mata bayanin Malam Ɗahiru, na ji layuka biyun nan ba za su shiga ɗakin ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne ta dubi bangon kada ta ɗauke ido. Na ɗauki faifan da aka rufe furarta da shi, na fita ta zaure, na zagaya bayan gida har na tsaya a tsakiyar hanya daidai tagar. Rana ƙwal, mutane suna wucewa. Na ɗaga faifan sama na kaɗa shi. Na ji tsoron kada ta kasa gane ni, sai na yi tsalle, na sake yi, na juya na sake. Ni da ko karatu aka ce in tashi in yi a aji sai in ɓoye fuska a bayan littafi. Ladi mai fura, wadda ke bin hanyar kullum da ƙwarya a ka, ta tsaya ta riƙe haɓa.

"'Yar Gaya, iska ce ta buge ki, ko bokon ne ke sa ku haka?"

Na ruga gida kunnuwana suna zafi. Da na shiga na tarar da Iya ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna girgiza, don mai takaba ba ta dariya da ƙarfi.

"Ke ce kike tsalle da ka kamar ɗan akuya? Da faifaina?"

"Ni ce, Iya. Hanya ce ke shigowa ta hujin can. A makaranta an nuna mana."

Ta dubi hujin, ta dubi bangon, ta sake duban hujin.

"Oh ni Hajara! Ashe duk kwanakin nan 'yan kasuwa nake yi wa addu'ar mamaci. Har da jakuna." Ta share ido. "Miƙo mini furar nan, kin bar ta a buɗe ƙuda zai faɗa."

Daga ranar muka sami sana'a. Idon Iya ya riga ya yi rauni, motsi kawai take gani, ni ce nake gaya mata ko waye. In ce mace ce da ƙwarya, tana jan ƙafar hagu, ta ce Ladi ce, tun da ƙaya ta soke ta a gonar mijinta take tafiyar nan. In ce mutum ne dogo a kan keke da buhu a baya, ta ce malamin tsafta ne, Allah ya sa Delu ta wanke randa. In ce yara ne uku da awaki, ta lissafa mini iyayensu da kakanninsu da wanda ya yi wa wani gori a bikin wane. Na tambaye ta ko kifewar ba ta dame ta ba, ta ce ai tun ranar da Malam ya tafi duniya a kife take, bangon gaskiya ya faɗa. Tana magana tana kai loma ba tare da ta sani ba. Goggo Delu ta ga akushi yana dawowa a share, ta ce rubutun da liman ya aiko ne ya kama, mu kuma ba mu musa mata ba. Ita idan ta shigo a buɗe take barin ƙyaure, haske ya wanke bangon, don haka ba ta taɓa ganin komai ba. Baffa Sale kullum da safe yakan durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe da mahaifiyarsa kafin ya tafi gona, ya ji muryarta ta dawo, ya ce mini, "Uwata, ashe ke magani ce."

Akwai durumi a ƙetaren hanya, inda Kaka, wato marigayi Malam Habu, ya yi shekaru yana zama da abokansa yana ɗinki. A bangon baƙin dunƙule ne kawai, ni kaina da ƙyar nake rarrabe mutanen da ke gindinsa. Iya ta tambaye ni wa ke zama a wurin yanzu. Na fita na duba na dawo na ce mata Malam Ɗanjuma ne, amininsa, da wasu tsofaffi biyu. Ta gyaɗa kai. Can ta ce, ba da ni take ba:

"Da dai idona ne ya gani."

Maganar nan ta bi ni kwana biyu. Kayan Kaka duka an tara su a ɗan ɗakin da ke jikin zaure, ana jiran a gama kaka 'yan uwa su taru a raba gado. Baffa Sale ya faɗa a gaban kowa cewa ko allura kada a taɓa. Na ji da kunnena, ba zan ce muku ban sani ba. Aka aike ni ɗakin in ɗauko tsintsiya, na ga gafakarsa a rataye, kuben tabaransa ya leƙo daga bakinta. Da shi yake zura zare a allura. Na tsaya na daɗe, sannan na zare shi na sa a haɓar zanena. Niyyata in ɗora shi a hujin Iya ta gani sau ɗaya in mayar. Na jira ta fita wanka, na hau turmin da ke ɗakin a kife, na gwada, ya ƙi zama, hannayensa suna tokare katakon. Na danna gilashi ɗaya da babban yatsa in fitar da shi, sai na ji ƙas. Tsohon abu ne, Kaka ma da zare ya ɗaure gefe guda. Tabaran ya rabu biyu a hannuna. Tunda ɓarna ta riga ta auku, na ɗauko wuƙar yanka kuɓewa na faɗaɗa hujin, na manne gilashin da ƙaro, na ja ƙyaure na juya in ga abin mamaki.

Ba komai a bangon. Wani farin haske ne kawai ya baje, ba jaki, ba mutum, ba durumi. Na fasa kayan gado, na kuma kashe wa Iya hanyarta. Ina nan tsaye ta shigo, ta rufe ƙofa, ta zauna ta jira idonta ya saba, sannan ta ce:

"Takwara, ina mutanena?"

Ta ga hujin ya yi girma, ta taso tana lalube ta nufi tagar ta ga abin da na yi. Saura kamar kamu ɗaya ta isa, sai hanyar gaba ɗaya ta sauka a kan farin mayafinta, daidai ƙirji. Ban taɓa ganin abu irinsa ba, ko a gwangwanin Malam Ɗahiru. Ganyen durumi kore shar yana kaɗawa, jar ƙasar hanya, shuɗin sama a wajen cikinta, wata kaza tana tono. Na ce ta tsaya cak, kada ta motsa, ta dubi ƙasa. Ta kama gefen mayafin da hannu biyu ta ɗan baza shi, ta sunkuyar da kai. Abin da ban yi tunani ba, ni da nake gabanta a kife nake ganinsu, ita da take kallo daga sama a daidai suka zo mata.

"Sun miƙe! Takwara, sun miƙe tsaye!"

Na jawo mata turmin ta zauna, muka yi ta matsawa gaba da baya har hoton ya tsaya sosai. Ga Malam Ɗanjuma da farar hularsa, ga sauran biyun a kan tabarma. Tsakanin Malam Ɗanjuma da gindin bishiyar akwai fili daidai zaman mutum ɗaya, ba kowa a kai, duk da su ukun a matse suke a ɗaya gefen har rana tana taɓa na ƙarshe. Ni da na fita na duba da idona ban lura da wannan ba. Iya ta ɗora yatsa a kan filin, a kan ƙirjinta.

"Sun bar masa wurinsa."

Sai ta yi kuka, marar sauti, ya daɗe. Daga baya Goggo ta gaya mini tun ranar rasuwar ba wanda ya ga hawayenta. Da ta natsu ta tambaye ni inda na samo gilashi. Na nuna mata ɓarin tabaran. Ta juya su a hannu, ta shafa zaren da Kaka ya ɗaura, ta ce Sale zai yi faɗa, amma ba ta ce in cire ba.

Kwana uku muka yi haka. Da Iya ta iya riƙe daɗi ita kaɗai, da watakila mun kai ƙarshen hutun. A rana ta uku Goggo ta shigo da ƙwaryar kunu, Iya ta ce:

"Delu, rufe ƙofa ki zo ki ga yadda Malam Ɗanjuma ya tsufa."

Goggo ta rufe, ta matso tana tambayar wane Malam Ɗanjuma a ɗakin mai takaba. Da idonta ya washe ta ga huluna da gemu suna motsi a ƙirjin uwarta, sai ƙwaryar ta suɓuce. Ta yi salati da ƙarfi har kaji suka watse a tsakar gida.

"Maza! Maza a jikin mai takaba! Iya, wata biyu ina tsare ki ko inuwar namiji ba ta taɓa ki ba, ashe an shigo miki da su har uku ta taga?"

"Delu, Malam Ɗanjuma ko haƙori ɗaya ba shi da shi."

"Ko ba shi da kai, Iya! Idan aka ji a gari, da wane ido za mu fita? Wannan aikin 'yar bokon nan ne, mai shiru-shiru kamar ta Allah."

Aka kirawo Baffa Sale daga gona. Ya zo da fartanya a kafaɗa, ya tsaya a bakin ƙofa, Goggo tana zuba masa bayani. Bai ɗaga murya ba, kuma na fi son ya ɗaga. Ya miƙo hannu, na ɗora masa ɓarin tabaran.

"Uwata, ke kika yi?"

"Ni ce, Baffa."

Iya ta ce daga ciki, "Ni na sa ta."

Na ce, "Ba ita ba ce. Ba ta sani ba sai da na gama."

Ya dube ni ya ce, "Kayan mamaci kafin a raba ba nawa ba ne, ba na ubanki ba ne, ko Iya ba ta da ikon ta ba da su. Amana ce aka ajiye a wurina. Me zan ce wa sauran idan sun zo?"

Ya zagaya waje ya ɓamɓare gilashin, ya kwaɓa laka ya toshe hujin. Muna ciki muna jin tafin hannunsa a jikin katakon, hasken yana raguwa har ya ƙare. Da yamma na je ɗibar ƙirare, na hango shi a bayan rumbu shi kaɗai, yana ƙoƙarin mayar da gilashin a mazauninsa da manyan yatsunsa na noma, yana goge ido da hannun riga. Na koma da baya kafin ya gan ni. Tabaran bai gyaru ba. Da aka zo rabo bayan kaka, Baba ya ce a sa shi a kasonsa a yadda yake, maganar ta mutu a nan, sunan ne kawai ya bi ni.

Kwana huɗu ɗakin yana duhu. Iya ba ta yi wa kowa faɗa ba, ta dai koma ta kwanta, akushi ya koma fita a cike. Na gwada fita in dawo in ba ta labarin hanya, ta ce in bari, ta gode. Ta ce da can tana jiran wani a bangon, yanzu ta san ba mai zuwa, kuma masu wucewar ma an kore su. Goggo ta riƙa shiga tana fita da ido jawur, ba ta kula ni, amma na ji ta a madafa tana ce wa matar Baffa ita fa abin da ta ga an yi ta yi. A safiya ta biyar Baffa ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi gaisuwa sau uku, Iya ba ta amsa ba. Ya jima a durƙushe, sannan ya tashi. Da hantsi muka ji ana ƙwaƙular tagar daga waje. Tsinin karan dawa ya leƙo ta cikin lakar, ya juya, ya koma, wani siririn haske ya ratsa ɗakin ya faɗa a bango. Muka ji muryar Baffa, kamar da jakin wani yake magana:

"Lakar bana ba ta da ƙwari. Dubi yadda ta tsage da kanta."

Goggo ta tare shi a zaure. Ya ce mata inuwa a bango ba a jikin kowa take ba, kuma gilashi ba zai koma ba, ita ma ta bar maganar haka. Ta ce to ita dai ba za ta kalla ba, kuma har aka gama ba ta kalla ba, kanta a sunkuye take shiga. Hujin kara bai kai na farko ba ma, hoton ya fi da dushewa. Iya ta tashi zaune, ta ƙura ido, ta ce tana ganin motsi amma ba ta san ko mutum ne ko saniya ba. Na ce mata mace ce da ƙwarya, tana jan ƙafa. Ta ce, "Ladi ba ta gajiya," ta jawo akushi.

Sati ɗaya bayan haka hutu ya ƙare. Baba ya zo ranar kasuwa a akori-kura, wadda za ta juya Gaya bayan azahar. Ya zo da saƙon hedimasta cewa a makon nan za a rubuta sunayen masu jarrabawar shiga makarantar 'yan mata ta Kano, wadda ba ta aji ba za a sa ta ba. Mu biyu kaɗai Malam Ɗahiru yake sa wa rai, ni da ƙawata Binta. Takabar Iya kuwa saura wata biyu da 'yan kwanaki. Na ɗaure kayana a ɗankwali, na shiga yi mata sallama. Ta sa Goggo ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli, ta dafa kaina ta sa mini albarka.

"Tafi ki yi karatunki, Takwara. Ki gaishe da malamin gwangwani."

Ina durƙushe wata inuwa ta gitta a bangon. Ta juya da sauri ta ce, "Wa ke wuce...", sai ta haɗiye sauran. Na buɗe baki in faɗa mata, ta ɗaga hannu.

"Bar shi. Gara in saba."

Ba zan ɓoye muku abin da ya biyo baya ba. Ban zauna jarrabawar nan ba a shekarar. Binta ta ci, kuma ranar da ta dawo hutun farko da farin takalmi da akwatin ƙarfe, na shige bayan ƙyauren Inna na yi kuka har na gaji. Na maimaita aji bakwai a cikin ƙannena, na zauna jarrabawar a shekara ta gaba ban sami Kano ba, sai daga baya na shiga horon malamai, wanda da shi na yi aikin da kuka tashi kuka gan ni ina yi. Akwai ranakun da na ce da na sani. Iya kuwa ta fita takaba da ƙafarta, ta yi kitso, ta tafi gindin durumi ta gaishe da Malam Ɗanjuma, ta ce masa ya fi kyau a kife. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ita ta yi wa babbarku wankan farko.

Amma a ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na fito da ƙunshina a ka, na tarar da Baba da Baffa a zaure a kan tabarma suna raba goro, direba yana ta danna ƙaho daga bakin kasuwa. Tun da aka haife ni ban taɓa fara yi wa Baba magana ba sai in shi ya tambaye ni. Na sauke ƙunshin na ajiye a gefe, na durƙusa. Ya dube ni, ya dubi ƙunshin.

"Mene ne, Uwata? Kin manta wani abu?"

Na dubi ƙasa, na ga wani tururuwa yana jan ɓawon goro, na bi shi da ido har muryata ta fito.

"Baba, Iya ba ta gane mutanen bango sai an faɗa mata, Goggo kuma ba ta kallo. Don Allah ka bar ni a nan har ta fita takaba."